Na Ga Surukina Ya Faɗi, Na Yi Shiru

Da sunan Allah nake farawa, shi ke saukar da cuta, shi ke ɗauke ta. Sunana Habsu, ina aure a wani ƙauye na ƙasar Olelewa, cikin Damargu. Rubutun nan da girmana na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri. Labarin jinyar surukina zan ba ku, uban mijina. Ba zan kama sunansa ba, ban taɓa kamawa ba yana da rai, Baba nake ce masa. Na gaji da ba da labarin nan da baki, kowa ya ji sai ya yanki inda ya yi masa daɗi ya tafi da shi. Gara in ajiye shi a takarda gaba ɗayansa, duk mai tsoho a gida ya sa a karanta masa.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ne, wanda ya share dabbobin mutanen arewa. Mu manoma mun ɗan tsira da 'yan dammunan hatsi a rumbu guda. Yaya Lawali, wan mijina, ya tara gida ya ce abin da ya rage na iri ne da na bakin yara, ko zangarniya ɗaya kada ta fita sai da saninsa. Ya kuma hana Baba hawa tsanin rumbu, wai ya tsufa. Baba dogon mutum ne, mai naɗa rawani har kan hanci. Shekarata tara a gidan a lokacin, ban taɓa ganin bakinsa ba, balle tsakar kansa. In ya shigo ta nan, ni na fita ta can. Abincinsa a ƙofar ɗaki nake ajiyewa, in yi gyaran murya in wuce. Haka aka raine mu, kuma har daɗi nake ji in mata sun ce Habsu ta san kunya.

Ranar kasuwar Olelewa ce, cikin bazara, rana tsaka, maza duk sun tafi. Na fita bayan gida neman karan hura wuta, sai na hango Baba a kan tsani, ya ɗage murfin rumbu yana jawo dami. Can gefe ga jaki a ɗaure. Na san jakin, na wani amininsa ne, Buzu makiyayi, wanda fari ya bari da sanda kawai, yana zaune da iyalinsa a bakin gari. Nan take na gane inda damin zai je. Kafin in kau da kai, tsanin ya goce. Baba ya faɗo da damin a hannu, kansa ya bugi dutsen da gindin rumbun ke zaune a kai, ta wajen hagu, sama da kunne. Har inda nake na ji ƙarar. Rawanin ya warware ya yi gefe, ga kan Baba a fili, fari fat da furfura.

Me kuke tsammani na yi? Baya na juya. Wallahi abin da na fara yi ke nan. Ba ihu ba, ba gudu wurinsa ba, na juya baya ina kallon danga don kada in ga kan surukina. Na ji yana nishi, an daɗe, sannan na ji motsin naɗa rawani. Akwai wata jar akuyata da ke kiwo a wurin. Sai na ji yana yi wa akuyar magana, da ƙarfi yadda zan ji:

"Ke akuya, abin da kika gani ki haɗiye shi. Dattijo bai faɗi ba, dami bai fita ba."

Na san da wa yake. Suruki ba ya yi wa matar ɗansa magana kai tsaye, sai ya ratsa ta kan wani abu. Na ɗauki karana na shige gida. Shi kuwa ya ɗora damin a kan jaki, ya kai da kansa, ya dawo da ƙafarsa, ya yi la'asar a masallaci. Na ce alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi.

Sati biyu Baba lafiya ƙalau. A na uku akushi ya fara dawowa da saura. Maigidana ya ce Baba na kukan ciwon kai, ba mai tsanani ba, amma ba ya sauka, in ya sunkuya ruku'u kamar kan zai faɗo. Aka ce rana ce ta buge shi. Na jiƙa tsamiya, na dama kunu mai ruwa-ruwa. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a ƙeya, ya fitar da jini, ya ce ga mugun jinin nan ya fita. Ciwo yana nan inda yake.

A sati na huɗu abin ya sake kama. Baba ya yi magariba raka'a biyar, liman ya taɓa shi, ya ce shi bai yi kuskure ba. Ya kira Yaya Lawali da sunan wani ƙanen shi Baban, wanda ya rasu tun kafin a haife mu. Takalminsa na dama ya riƙa zamewa daga ƙafa, ya yi ta tafiya da ɗaya bai sani ba. Aka aika Falanko aka taho da ƙanwarsa, Gwaggo Tabawa. Tun daga zaure ta fara yanke hukunci.

"Wannan ai ba ciwon asibiti ba ne. Iska ce. Wa ya bar shi yana yawo rana tsaka a bayan gari?"

Washegari kuma ta ce sammu ne, wani ne ke ƙyashin rumbunmu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi har idanunmu suka yi ja. Ni ce mai daka sassaƙe, ni ce mai tacewa. Ina daka, zuciyata na raya mini ranar kasuwar nan, ina danne ta. Na ce faɗuwar da ta yi wata guda, ba jini, ba kumburi, ina ruwanta da ƙafa? Kai aka buga, ba ƙafa ba. Rabin wannan tunanin jahilci ne na gaskiya. Rabin kuwa, yau na yarda, ya yi mini daɗi ne don ya sauke mini nauyin magana.

A sati na biyar maigidana ya matsa sai an kai shi asibitin Tanut. Don kuɗin mota da magani aka sayar da jar akuyar nan, saura ni kaɗai shaida. Na bi su don dafa abinci. Muka wuni a layi, rana na dukanmu, sai bayan azahar muka shiga wurin majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin. Ni a bakin taga na tsaya. Ya ɗaura wa Baba abin awo a hannu, ya ce tansiyo ce, jininsa ya hau. Sannan ya yi tambaya, kuma in an zo faɗin gaskiya bawan Allahn nan ya yi aikinsa.

"Bai faɗi ba? Bai bugu a kai ba, ko da an daɗe?"

Yaya Lawali ya yi dariya. "Ina zai faɗi, mutumin da ko jaki mun hana shi hawa?"

Majo ya juya ga Baba. Ranar bakinsa na nan, hankalinsa ya ɗan dawo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban faɗi ba." To, mai abu ya ce bai faɗi ba a gaban 'ya'yansa, ni wace ce da zan leƙo ta taga in ƙaryata shi? Aka ba mu ƙwayoyi muka koma gida.

Abin da ya ƙara ruɗa mu, ciwon yana da sauka da hawa. Kwana uku Baba ya warware, ya ci tuwo, har ya zauna a zaure. Gwaggo ta ce hayaƙinta ne, Yaya Lawali ya ce ƙwayar majo ce, wanzami ya ce ƙahonsa ne ya yi aiki a makare. Ni ma na saki jiki. A rana ta huɗu da hantsi aka same shi ya kasa tashi daga shimfiɗa, ya jiƙa ta, hannun dama ya saki, magana ta koma gurnani. Barci kawai yake yi, a tashe shi ya buɗe ido ya koma.

Sai babban asibitin Damagaram. Wa zai bi shi jinya? Matarsa ta daɗe da rasuwa, Gwaggo ba ta iya doguwar tafiya, matar Yaya Lawali na jego. Ya faɗo kaina. Na bar 'ya'yana uku, na ɗaure tukunya da garin kunu a zane. A bayan babbar mota muka tafi, a kan buhuna, maigidana da wansa sun tallafe Baba, duk ramin da mota ta faɗa sai kansa ya yi lilo. Na yi ta kallon gefen hanya har muka isa.

Wanda bai yi jinya a birni ba bai san gajiya ba. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin famfo ma daban. Mu masu jinya a inuwar dogon yaro muke zube, kowa da murhunta na duwatsu uku. Ka wanke zane, kafin ya bushe an ɓata wani. Itace saye, ruwan zafi roƙo. Duk da haka na ga alheri, matan da ban san su ba sun sam mini gishiri da wuta, wata ma ta ara mini bokiti har muka tashi. Kwana biyu muka jira kafin a yi wa Baba radiyo, hoton da ke nuna ƙashi. Ma'aikata suka cire masa rawani tun ranar farko suka miƙo mini, na ninke na sa a ƙasan kayana. In zan shiga ɗakin da kwano, ƙasa nake kallo.

Likitan saurayi ne siriri, mutumin yamma, Hausarsa na da ɗan nauyi, bai daɗe da dawowa daga karatu a Faransa ba. Ya ɗaga hoton ya kara a taga. Ina bakin ƙofa da kwanon kunu, na ji duk abin da ya ce, kuma har yau yana kunnena.

"Ƙashin kansa lafiya lau, babu tsagewa. Amma hoton nan tukunya kawai yake nunawa, ba ya nuna abin da ke cikin tukunya. Can inda na yi karatu sun fara samun wata na'ura, a kwantar da mutum a tura shi ciki, da ƙarfin maganaɗisu take aiki. Sai ta nuno ƙwaƙwalwa falle-falle kamar an yanka albasa, in jini ne ya taru a gan shi, in jijiya ce ta toshe a gan ta. Mu nan ba mu da ita, ƙasar nan duka babu. Na'urata bakinku ne. Don haka ku tuna da kyau. Tsohon nan bai faɗi ba? Daga kan raƙumi, daga bakin rijiya, ko ƙofa ce ta buge shi?"

Yaya Lawali ya ɓata rai. "Likita, sau nawa za mu faɗa? Kullum yana gabanmu. Bai faɗi ba."

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Amma ɗakin cike yake da maza, ga wan miji, ga majinyata da 'yan'uwansu. In na yi magana, na ce ke nan na ga kan surukina a buɗe. Na ce ke nan dattijo ya saci hatsi a rumbunsa. Kuma, wanda ya fi duka, na ce ke nan sati shida ina zaune a kan maganar ina daka musu sassaƙe. Da farko kunyar Baba ce ta rufe mini baki, yanzu kuwa tsoron kaina ne. Shiru haka yake, kullum ya kwana sai ya ƙara nauyi. Na ajiye kwanon na fita.

Likita ya ce tun da ba faɗuwa, to, shanyewar ɓarin jiki ce irin ta hawan jini, ba abin da wuƙa za ta yi mata, sai ƙarin ruwa da allura da jiran ikon Allah. Ana cikin haka labari ya zo an yi ruwan shuka a gida. Yaya Lawali ya ce ba za a yi biyu babu ba, ya kama hanya. Aka bar mu ni da maigidana.

Sati na bakwai Baba ya daina buɗe ido gaba ɗaya. Kunun da nake ɗura masa da cokali ta gefen baki yake dawowa. Maigidana in ya fita neman magani, ba mai juya shi sai ni. Nakan kau da fuska in kama kafaɗarsa in juya, ga shi ba nauyi, kamar damin kara. Bayansa ya fara salewa. Wata safiya likita ya ɗaga fatar idonsa ya haska, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ja maigidana gefe. Da ya fito sai na ga yana naɗe tabarma.

"Tashi ki haɗa kaya. Ya ce in muna so ya cika a cikin danginsa, mu kai shi gida yau."

Ina tsugune a bakin murhu. Na dubi tabarmar nan da yake naɗewa, na ga an gama ke nan, za mu ɗora shi a mota mu kai shi kabari, kuma ni ce na haƙa. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Baban Rabi, tsaya. Baba ya faɗi."

"Me kika ce?"

"Ya faɗo daga tsanin rumbu, kansa ya bugi dutse. A gabana."

"Yaushe?"

"Ranar kasuwa, kafin ciwon kan ya fara."

Ya yi ta kallona. Ya ƙirga da yatsunsa, ya sake ƙirgawa. "Sati bakwai, Habsu? Sati bakwai kina dafa mana abinci?"

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya kama bakin mayafina kawai ya ja ni har gaban likita, muka tsallake layi mutane na ta surutu. Na maimaita abin da na faɗa, ina kallon ƙasa. Likita ya ajiye alƙalami, ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Bai tambaye ni dalilin shiruna ba, ina jin ya ga irina da yawa. Ya ce mu biyo shi ɗakin.

"A wane ɓangare ya bugu?"

Na nuna daga nesa, na ce hagu.

"Hagu tana da faɗi. Zo ki taɓa wurin."

Na ce, "Likita, surukina ne."

Ya ce, "Baiwar Allah, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ni da hoton da zai nuna mini. Inda yatsanki ya sauka, nan zan huda."

Na matsa. Ranar na fara kallon fuskar Baba sosai, ashe yana da wushirya, irin ta ɗana na biyu. Na ɗora yatsa a kan furfurar, sama da kunne na hagu, fatar da zafi. Likita ya riƙe hannuna ya sa alama da alƙalami a wurin.

Ya yi mana bayani a tsaye. Ya ce tsofaffi in sun bugu, wata siririyar jijiya kan tsage a ƙarƙashin ƙashi, jini ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan, ba a gani a waje. Sai ya yi makonni yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Ɓangaren hagu na kai shi ke riƙe da hannu da ƙafar dama, shi ya sa can ta saki. Ya ce ba shi da tabbas, zato ne mai ƙarfi, kuma tsoho ya yi rauni, yana iya tafiya a kan tebur. Masu wannan aiki na musamman suna nesa, Baba kuwa ba zai kai ba. Sai an sa hannu a takarda. Maigidana ƙane ne, bai taɓa yanke magana a gidansu ba, ga wansa yana gona. Duk da haka ya ce, "In ta yi ruwa rijiya." Ya dangwala yatsa.

Bayan azahar suka shiga da shi. Na zauna a gindin bango, ban iya ko addu'a mai tsawo ba, ya Allah, ya Allah kawai nake cewa. Maigidana ya zauna can nesa da ni. Wajen la'asar sakaliya likita ya fito, rigarsa jiƙe da gumi. Ya ce ya huda, jini ya fito baƙi ƙirin kamar tsohon man mota, ya kusa cika ƙaramin kwano. Ya dube ni ya ce, "Daidai wurin." Allah ya saka wa yaron nan da alheri duk inda yake, ya jiƙan iyayen da suka haife shi.

Washegari da hantsi Baba ya buɗe ido. Ya dubi rufi, ya dubi ɗansa, ya kai hannun hagu ya taɓa ƙyallen da aka naɗe masa kai, ya taɓa bakinsa ya ji a buɗe. Kalmar da ya fara furtawa ita ce, "Rawani." Na zaro shi daga ƙasan kayana na miƙa wa maigidana, na fita waje na yi kukan da ban yi ba tun farkon abin.

Muka ƙara sati uku. Hankalinsa ya dawo sarai, ya gane kowa, ya tambayi ko an yi shuka. Magana ta dawo da ɗan ja. Hannu ya dawo rabi, yana riƙe carbi, ba ya riƙe ludayi. Ƙafar dama kuwa ko motsi. Ranar da za a sallame mu na tare likita a baranda, na cire kunya, tun da na riga na zubar da ita.

"Likita, don Allah in tambaye ka. Da na yi magana tun a Tanut fa?"

Ya ce, "Kina son gaskiya?"

Na ce ina so.

"Ƙwaƙwalwar ta daɗe a danne. Da tun lokacin ne, ina kyautata zaton da ƙafarsa zai koma gida. Sauran sani sai Allah."

Ni na nema, na kuwa samu. Na gode masa na je na ɗaure tukunyata.

A gida aka raba ni biyu. Yaya Lawali ya ce ni na kashe ƙafar ubansa da shiruna, shekara guda bai amsa gaisuwata ba. Maganar damin hatsi kuwa bai taɓa tayar da ita ba, ina jin ya gane dokarsa ce ta hau da tsoho kan tsani a ɓoye. Gwaggo Tabawa da matan bakin rijiya kuma ta ɗaya gefen suka kama. Wai Habsu ba ta da ta ido, ta shafa kan surukinta a gaban maza, ta tona masa asiri a birni. In na yi shiru laifi, in na yi magana laifi. Maigidana ya huce a hankali, amma akwai kallon da yakan yi mini in ya ga ana jan ubansa zuwa inuwa, ban taɓa sabawa da shi ba.

Shekara huɗu Baba ya yi a kwance. Ba wanda ya ce ni zan yi jinyarsa, ba kuma wanda ya ce ba ni ba. Maza su yi masa wanka da kama ruwa, sauran duk nawa ne. In dama kunu in ba shi a baki, in wanke shimfiɗa, in shafa wa ƙafar man shanu, in lanƙwasa ta in miƙe kamar yadda aka nuna mana, safe da yamma. Ƙafar ta bushe ta zama kamar taɓarya. Na haifi ɗa na huɗu a cikin jinyar nan, da goyo nake yi. Bayana har yau bai koma daidai ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranakun da na gaji har na ji haushinsa, na ce a raina kai ka ja mana. In na faɗi haka kuma sai in kasa cin abinci.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. In tsohonku ya bugu a kai, ko ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, ku sa masa ido wata biyu. In ciwon kai ya ƙi sauka, in ya fara mantuwa, in ƙafa ko hannu ya fara ja, kada ku tsaya gardamar iska da sammu. Ku kai shi, kuma ku faɗa wa likita ya faɗi, ko shi tsohon ya musa. Ku tambayi matan gida, su ne ke nan in maza sun tafi kasuwa, kuma ku tambaye su a keɓe, inda za su iya buɗe baki. An ce wata rana na'urar nan mai ganin cikin kai za ta zo ƙasarmu. Allah ya kawo ta. Kafin ta zo, abin da ido ya gani shi ne maganin.

A ƙarshen shekara ta huɗu, da damina, zazzaɓi ya kama Baba, ƙirjinsa ya cushe, muka ga alamar tafiya ce. Da hantsi ya sa aka tara 'ya'yansa da Gwaggo, aka yi ta neman gafara kamar yadda aka saba. Ina daga bakin ƙofa. Sai ya ɗaga hannun hagu ya yafito ni. Na shigo na durƙusa. Ya dube ni ido da ido, ya kira sunana, karo na farko tun da aka kawo ni gidan.

"Habsu, ni na ɗaure miki baki. Ku ji da kyau, Lawali, ni ne. Ki yafe mini."

Na ce, "Baba, na yafe. Ni ma ka yafe mini, na bi maganarka inda bai kamata in bi ba."

Ya ce, "Na yafe duniya da lahira."

Yaya Lawali ya share ido da hannun riga, ya ce shi ma ya yafe. Gwaggo ma ta ce ta yafe, ko da yake ban san me na yi mata ba. Kowa ya yafe wa kowa. Kafin azahar ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara, mu kuma ya kyauta namu ƙarshe.

Da maza suka fita da shi, na shiga in naɗe shimfiɗar. A gefen dama tabarmar ta lotsa, ta yi dogon kwari daidai inda ƙafar ta kwanta shekara huɗu. Na sa hannu na shafa don ya baje, ya ƙi.